Motar lantarki a aikin Uber da Bolt: a ina za ta kwana tana caji?

Direban da ke ɗaukar fasinja ta manhaja, ko Uber ce ko Bolt ko inDrive, tuƙinsa daban yake da na mai motar gida. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, da ƙyar yake cin kilomita 40 a rana. Shi kuwa direban haya, daga bayan sallar asuba zuwa sha ɗayan dare, kilomita 200 ba abin mamaki ba ne a wurinsa, kuma wani babban kaso na wannan tafiyar babu kowa a kujerar baya. Ko dai yana kan hanyar zuwa ɗauko wanda ya kira, ko yana dawowa daga unguwar da ya sauke wani, ko yana zagaye yana jiran waya ta yi ƙara. Da hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya a Amurka ta lissafa tafiye-tafiyen Uber da takwararta Lyft na shekarar 2018, ta tarar kusan kashi 40 cikin 100 na nisan da motocin suka ci, wayam suke. Man da aka ƙona a wannan zirga-zirgar, daga aljihun direba yake fita.

Wannan ne ya sa maganar motar lantarki ta fi zafi a wurin direban haya fiye da kowa. Motar lantarki tana da tsada a ranar saye, tana da araha a kan titi, don haka wanda ya fi yawan tafiya shi ya fi saurin mayar da kuɗinsa. Kamfanonin ma sun san da haka. A 2020 Lyft ta yi alkawarin cewa zuwa 2030 duk motocinta za su zama na lantarki, Uber kuma ta ce za ta kai ga haka a biranen Amurka da Kanada da Turai a 2030, a sauran duniya a 2040, ta kuma ware dala miliyan 800 don taimaka wa direbobi su canza mota. Hukumomi suka biyo baya da doka. Kalifoniya ta zartar a 2021 cewa nan da 2030 kashi 90 cikin 100 na nisan da waɗannan motoci ke ci ya zama da lantarki. A Landan, daga 1 ga Janairun 2023, hukumar sufuri ba ta ba motar haya lasisin farko sai in tana iya tafiya ba hayaƙi.

Sai dai kamfanin manhaja ba shi ke da motar ba. Alkawari nasa ne, amma bashin mota na direba ne, kuma abin da ya faru a wuraren da aka riga aka gwada ya nuna inda gizo ke saƙar. A Shenzhen ta ƙasar Sin, garin da kamfanin ƙera motocin lantarki na BYD yake, an gama mayar da bas-bas sama da dubu 16 na lantarki a ƙarshen 2017, tasi kusan dubu 22 suka biyo baya cikin shekara guda. Abin ya yi aiki ne saboda an gina manyan tashoshin caji na 'yan haya, masu wurin cin abinci da wurin kishingiɗa. Wadda Shell da BYD suka buɗe kusa da filin jirgin saman garin a 2023 kaɗai tana da bakin caji 258. A Landan kuwa, Uber ta sa wa kanta wa'adin 2025, ta ma fara ƙara wa fasinja kwabo 15 na kuɗin Ingila a kan kowane mil a 2019 don tara wa direbobi kuɗin sayen mota, amma wa'adin ya zo bai cika ba. Direbobi da yawa a can suna zaune ne a gidajen bene na haya, ba su da farfajiyar da za su ja waya, dole sai cajin bakin titi, wanda farashinsa ya ninka na wutar gida ta tsakar dare sau da yawa. Har harajin ma ya bambanta: kashi 5 a wutar gida, kashi 20 a cajin waje.

To ni abin da na ɗauka a nan shi ne, direban haya bai kamata ya fara da tambayar wace mota zai saya ba. Ya fara da tambayar ina motar za ta kwana, wace wuta ce a wurin, kuma nawa yake sayen yunit ɗaya.

Lissafin rana guda

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Farashin yana hawa da sauka, don haka mu ɗauki naira 900 a matsayin misali, kowa ya sa na garinsu. Corolla 'yar Kwatano, irin wadda ta cika wannan sana'a a Abuja da Legas da Kano, tana shan kusan lita 10 a kilomita 100 cikin gari in iyakwandishan na kunne. Kilomita 200 ke nan lita 20, naira 18,000 a rana.

Ƙaramar motar lantarki irin BYD Dolphin ko MG4 tana cin yunit 13 zuwa 15 a kilomita 100 in ba a kunna sanyi ba. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda ake saye a mitar kati, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Amma fasinja ba zai yarda da rufaffen gilashi ba sanyi a watan Afrilu ba, kuma na'urar sanyin tana jan kilowat ɗaya zuwa biyu muddin tana aiki, ko motar na gudu ko tana tsaye a cunkoso. Awa goma a kan titi, yunit goma ko fiye sun tafi a sanyi kaɗai. Saboda haka a yi lissafi da yunit 18 a kilomita 100, wato 36 a rana. Sannan ba duk wutar da ta wuce ta mita ke shiga batir ba, kusan kashi 10 cikin 100 na zama zafi a waya da caja. Abin da za a biya kuɗinsa yunit 40 ne.

A layin Band A, wanda aka ce yana samun wuta aƙalla awa 20 a rana, hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, daga baya ya tsaya kusan 210. Yunit 40 sun kama naira 8,400. Rarar da ke tsakani naira 9,600 ce a rana, kusan 250,000 a watan aiki na kwana 26, kusan miliyan uku a shekara. Ƙari a kan haka babu juyen baƙin mai, wanda mai cin kilomita dubu biyar a wata yake yi kowane wata, babu fulogi, babu matatar mai, babu bel, babu salansa.

Daga wannan lissafin akwai ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: lita ɗaya ta fetur tana yin aikin yunit biyu. Idan kuɗin yunit ya kai rabin kuɗin lita, riba ta ƙare. Lita a 900, iyaka ita ce 450. Duk tashar cajin da ke sayar da yunit sama da haka, direban da ya dogara da ita kullum daidai yake da mai shan fetur, ga kuma bashin mota mai tsada a wuyansa.

Janareto ma ya kamata a yi masa wannan awon, domin mutane da yawa suna cewa ai in an ɗauke wuta sai a tayar da inji. Ƙaramin janareton fetur na gida yana shan rabin lita ko fiye kafin ya ba da yunit ɗaya. Yunit 40 ke nan lita 20 zuwa 24, daidai abin da Corolla za ta sha ko fiye, an dai mayar da hayaƙin daga titi zuwa tsakar gida. Babban injin dizal da ke ɗauke da kaya daidai ƙarfinsa ya fi dama, kusan lita 0.3 a yunit, wato lita 12 a rana. Yana fid da mutum kunya a ranar da wuta ta ƙi, amma ba a gina sana'a a kansa.

Sola ita ce ta fi jan hankali a arewa, ga rana kamar da bakin ƙwarya. Kowane kilowat ɗaya na faranti yana ba da yunit huɗu zuwa huɗu da rabi a yini bayan an cire asara da ƙura. Yunit 40 na buƙatar kusan kilowat tara, faranti 16 ko 17 masu wat 550. Matsalar ita ce lokacin da rana ke bayarwa shi ne lokacin da motar ke kan titi. Ko dai a sayi batiran ajiya masu ɗaukar yunit 40, wanda kuɗinsu ya isa sayen wata motar, ko a sake tsarin aiki. Na biyun ya fi hankali. Tsakanin sha biyu da uku na rana kira yana raguwa a yawancin garuruwa, zafi ya yi tsanani, ga azahar ga abinci. Awa uku a kan caja mai kilowat 7 yunit 21 ne, sun isa fiye da kilomita 100, wato aikin yamma gaba ɗaya.

Wayar gida ba ta san wannan nauyin ba

Kusan kowace mota tana zuwa da ƙaramar caja da ake sawa a soket. Tana jan amfiya 10, wato kilowat 2.3, kuma yunit 40 za su ɗauke ta awa 17. Ba ta isa aikin haya ba. Wadda ta dace ita ce cajar bango mai kilowat 7, mai jan amfiya 32, wadda ke gama aikin cikin ƙasa da awa shida. Mutum ya dawo sha ɗaya na dare ya jona, kafin kiran assalatu ta cika.

Amma amfiya 32 na awa shida ba tare da hutawa ba, ba irin nauyin dutsen guga ba ne da ke kamawa yana saki. Kamar a kunna iyakwandishan biyar ko shida ne lokaci guda har gari ya waye. Wajibi ne a ja mata layinta daban tun daga akwatin rarraba wuta, da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, in nisan ya wuce mita 25 zuwa 30 a koma mai 10. A kiyayi wayar nan ta kasuwa da aka yi da alminiyom aka shafa mata jan ruwa a sama. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ajiye ta. Layin yana buƙatar burekarsa mai amfiya 40, da na'urar da ke katse wuta in ta fara zurara, mai miliamfiya 30. Ita wannan ɗin ba kowace iri ba ce ta dace: ko dai nau'in B, ko nau'in A idan cajar kanta tana da kariyar wutar batir ta miliamfiya 6 a cikinta, kuma takardar cajar tana faɗa. A sa abin kariya daga tsawa da hauhawar wuta, domin lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa shi ne ke ƙone cajar da ke cikin motar, kuma ita ba ƙaramin kuɗi ba ce. Sai sandar ƙasa ta tagulla da aka kafa da kyau a wuri mai danshi. Gidaje da yawa wayar ƙasarsu ado ce kawai, ba ta haɗe da komai, kuma caja mai kyau in ta lura da haka sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Masu gyara wasu kan haɗa wayar ƙasa da ta nutural don su yaudare ta. Kada a yarda da wannan, domin ranar da nutural ya tsinke a kan falwaya, jikin motar ne zai ɗauki wuta, kuma yara ne ke jingina da mota a tsakar gida.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne raunin wuta. A unguwar da taransifoma ta yi wa mutane kaɗan, ƙarfin wutar da ya kamata ya zama bolt 230 kan koma 180 da daddare, kuma caja da ta ja nata sai ya ƙara faɗuwa. Caja da yawa suna tsayawa in ya sauka ƙasa da 190 ko makamancin haka, wasu kuma ba sa ci gaba da kansu bayan an ɗauke an dawo. Direba ya tashi da asuba ya tarar da batir a kashi 35. A nemi caja mai ci gaba da kanta, wadda kuma ake iya rage mata amfiya zuwa 16 ko 20. Kafin a biya ko sisi na mota, a sayi ƙaramin ma'aunin bolt mai shiga soket, a yi mako biyu ana rubuta awa nawa aka samu wuta tsakanin sha ɗaya na dare da shida na safe, da abin da ma'aunin ya nuna in an kunna dutsen guga da hitar ruwa tare. In daren da aka samu awa shida cikakku bai kai goma cikin sha huɗu ba, gidan bai shirya ba. Mai zaman haya kuma ya sami yardar mai gida a rubuce, ya tabbatar mitarsa ce shi kaɗai, don in ana haɗa kuɗin wuta da maƙwabta, yunit dubu a wata zai haddasa rigima tun watan farko.

Bakin caja kuwa ba ɗaya ba ne a duniya. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin tana da GB/T. Ta Turai, da wadda Sin ke fitarwa waje a hukumance, tana da Type 2 da CCS2. Ta Amurka tana da J1772 da CCS1 ko bakin Tesla, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO. A cajin gida bambancin ba ya da zafi, ana sayen caja daidai bakin motar. A cajin sauri ne ake shan mamaki: abin haɗin da ke tsakanin GB/T da CCS2 na'ura ce mai ƙwaƙwalwa, tana da tsada, kuma wani lokaci mota da tasha su ƙi fahimtar juna. A je tashar da ake sa ran amfani da ita da motar kanta, a jona a gani, kafin a gama ciniki. Caja mai kilowat 60 tana ɗaga batir mai yunit 60 daga kashi 20 zuwa 80 cikin kusan minti 40. Daga 80 zuwa 100 motar na rage gudun caji da gangan don kare batirin, kuma zaman jiran wannan ragowar asarar lokacin aiki ne.

Batir da zafin ƙasarmu

Iri biyu ne suka cika kasuwa. LFP, mai ƙarfe da fosfet, shi ne a motocin BYD da ƙananan MG4. NMC, mai nikel da manganis da kobalt, shi ne a Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a 2020. Ga aikin haya a ƙasa mai zafi, LFP nake fifitawa ba tare da jinkiri ba. Ya fi jure yawan caji da saukewa, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ana cika shi kashi 100. Hasali ma yana son a cika shi aƙalla sau ɗaya a mako don na'urar da ke lissafin cajinsa ta daidaita, in ba haka ba sai allo ya nuna kashi 15 motar ta mutu. NMC ya fi sauƙin nauyi, amma ya fi daɗewa in ana riƙe shi tsakanin 20 da 80, wanda ke nufin kashi 60 kawai na abin da aka saya ake mora a kullum.

Mai buƙatar yunit 36 a rana kada ya sayi batirin da bai kai 45 ba, kuma 55 zuwa 60 ya fi kwanciyar hankali, domin batir yana raguwa da shekaru. Kilomitan da dillali ke karantowa daga takarda ma a yi hattara da su. Awon Sin da ake kira CLTC yana da kyauta sosai. In an ce 420, a sa ran 300 da sanyi a kunne.

Zafi ne babban abokin gabar batir, shi ya sa dole a tambayi yadda ake sanyaya shi. Tsohuwar Nissan Leaf ba ta da ruwan sanyaya batir, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafin hamada suka fara kukan batirinsu na zubewa da wuri. Tana da araha a kasuwar tsofaffin motoci, amma ba motar haya ba ce a Sakkwato ko Maiduguri. A motocin da ke da sanyaya, sau da yawa gas ɗin iyakwandishan ne ke yi wa batirin hidima, don haka lalacewar sanyi a nan ba maganar jin daɗin fasinja kawai ba ce. In ƙurar hunturu ta toshe lagireton gaba, cajin sauri zai ragu, ƙarfin motar ma ya ragu. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi kowane wata. A ajiye motar a inuwa lokacin caji, kuma in an dawo daga doguwar tafiya da tsakar rana a ba ta minti goma sha biyar kafin a ɗora mata cajin sauri.

Garantin batir da aka saba gani shi ne shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa. Direban da ke cin 200 a rana yana haura 60,000 a shekara, ke nan cikin shekara biyu da rabi ya cinye shi. Kamfanoni da dama suna rage garantin ko su soke shi in motar ta haya ce, wadda aka shigo da ita ta hannun ɗan kasuwa kuwa galibi ba ta da shi sam.

Wajen sayen tsohuwa, lambar kilomita ba ta isa shaida ba. A sa na'urar bincike a bakin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari a karanta lafiyar batirin. Ƙasa da kashi 85 sai da ragi mai yawa. A duba bambancin bolt tsakanin ƙwayoyin batirin: in ya wuce milibolt 50 alhali motar na tsaye, akwai ƙwayar da ta fara gajiya, kuma mafi rauni ita ke yanke wa sauran iyaka. Sannan a cika ta, a yi kilomita 100 da ita da sanyi a kunne, a ga kashi nawa ta ci. A ɗaga ta sama a leƙa cikinta, domin batirin shimfiɗe yake a ƙasa, kuma loɓawa ko tsagewa a murfinsa daga tudun rage gudu ko dutse babban aibi ne. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarfen kujera. Motocin da ambaliya ta ci a Amurka suna ƙarewa a gwanjo su nufo Afirka ta Yamma, kuma bayan guguwar Ian a jihar Fulorida a 2022 an ga motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye.

Abin da ke lalacewa a yau da kullum ba babban batirin ba ne. Ƙaramin batir mai bolt 12 ne ya fi tsayar da waɗannan motoci. In ya mutu, ko babban na cike motar ba za ta tashi ba, don shi ke kunna makunnin babban. Zafi na kashe shi cikin shekara biyu, sai a canza shi kafin ya ba da kunya. Taya tana saurin cinyewa saboda motar ta fi takwararta ta fetur nauyi da kilo 200 zuwa 300 kuma tana fizga da an taɓa totur. A duba iska kowane mako, a sayi taya mai lambar ɗaukar nauyi daidai da wadda ke rubuce a jikin ƙofa. Birki kuwa yana daɗewa ƙwarai, tunda injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta batir, amma rashin amfani da ƙura kan sa ƙusoshin birkin su cije, sai a kwance a goge a shafa giris sau ɗaya a shekara.

Akwai kurakurai uku da bakaniken da ya saba da fetur zai yi da kyakkyawar niyya. Zai ƙara ruwan leda a tankin sanyaya, alhali wasu motocin ruwansu na musamman ne da ba ya ɗaukar wuta. Mai gyaran sanyi zai zuba man kwamfireso na gama-gari, alhali kwamfireson motar lantarki injinsa na cikin man yake, kuma man da bai dace ba yana sa wuta ta zurara motar ta kulle kanta. Mai janwe kuma zai ja ta da igiya tayoyin da ke tuƙi suna ƙasa, injin ya riƙa haifar da wuta ya ƙone na'urar sarrafa shi. Ɗora ta ake yi a kan babbar mota. Duk wayar da aka rufe da roba mai launin ruwan lemo a cikin motar tana ɗauke da bolt wajen 400. Mai rewaya da bai sami horo ba, ba shi da safar hannu ta wannan aikin, kada ya kusance ta.

Hatsari shi ne ramin da ba a cika lissafawa ba. A Oktoban 2021 kamfanin hayar motoci na Hertz ya ce zai sayi Tesla dubu 100, ya ware har dubu 50 don direbobin Uber. A Janairun 2024 ya sanar zai sayar da motocin lantarki dubu 20, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda yake da su, saboda tsadar gyaran karo da faɗuwar darajarsu bayan Tesla ta yi ta rage farashin sababbi. In kamfani mai wannan girman ya ji a jikinsa a Amurka inda kayan gyara suke, to direban da zai jira fitilar gaba ko gilashi daga Sin na mako shida yana biyan balas fa? Kafin a zaɓi mota a tambayi wa ke da bamba da fitila da shokozoba a ƙasa yanzu, kuma a yi inshora cikakkiya da ta ambaci batir da sunansa.

Gwamnatin Najeriya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a 2024, amma har yanzu tazarar farashi tana da faɗi. A raba ƙarin kuɗin da rarar wata: in motar ta fi Corolla da naira miliyan 12, rarar 250,000 za ta biya shi a wata 48, kafin a sa ribar mai ba da bashi. In balas ɗin da aka yanka ya haura na motar fetur da fiye da 9,600 a rana, mai motar ne ke cin rarar. Wanda gidansa bai ci jarrabawar mako biyun nan ba, mota mai haɗa fetur da batir irin Prius, mai shan lita biyar a kilomita 100 ba tare da an jona ta ko'ina ba, ta fi masa, haka ma mayar da motarsa ta gas in akwai gidan CNG a hanyarsa.

Ga direbobin da ke zaman haya, waɗanda su ne mafi yawa, mafita tana wurin caji na haɗin gwiwa. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tun 2021, amma irin wannan ta gwaji ce. Abin da 'yan haya ke buƙata fili ne mai katanga da maigadi a kan layin Band A, inda mota za ta kwana. Mota 20 a kan caja mai kilowat 7 kowace, kilowat 140 ke nan in duk sun kama lokaci guda, wanda ke buƙatar taransifoma ta kansu mai kVA 200, a raba cajojin daidai a kan layuka uku. Da na'urar da ke raba nauyi tsakanin motoci ana iya rage wannan, tunda ba duka ke dawowa sha ɗaya ba kuma ba duka ke fita biyar ba. Rumfar da za ta yi wa motocin inuwa a yi ta da farantan sola don cajin azahar, kowace caja kuma da mitarta, kowa ya biya abin da motarsa ta sha. In an haɗa kuɗin fili da maigadi da gyara a kan yunit 800 da ake sayarwa kowane dare, dole jimillar ta tsaya ƙasa da rabin kuɗin litar fetur ta wannan watan.